Lampard: sunansa ne ke samo masa aiki, ko kuwa ya iya horarwa?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare, 13 ga Mayu 2025, mutum bakwai kacal suka zauna a gidan kallona, tunda wasan rukuni na biyu ne, Sunderland da Coventry, na neman gurbin hawa Firimiya. Na tayar musu da janareta duk da haka. Coventry ta je da bashin ci 2-1 daga wasan farko, Mason-Clark ya farke bayan hutun rabin lokaci, aka tafi ƙarin lokaci. Kowa ya gama sa rai sai an je fenareti. Sai a minti na 122 aka bugo kwana, Dan Ballard na Sunderland ya sa kai, ƙwallo ta daki sandar sama ta faɗa raga, aka fitar da Coventry. Kyamara ta nuna kocin Coventry, Frank Lampard, tsaye a bakin layi, ni kuma na ji abin har cikin ƙirjina.

Saboda mutumin nan na fara son Chelsea. Ga abin da nake so mu tattauna: ya karɓi Coventry a watan Nuwamba 2024 tana ta 17 a teburi, ya gama kaka da ita tana ta 5. Har yanzu za a ce Lampard ba koci ba ne? Ni a ganina an ɗora masa manyan kaya tun kafin wuyansa ya yi ƙwari, sai yanzu yake yin karatun da ya tsallake. Kuma yana fahimtar karatun.

Ɗan Gwammaja: Wa alaikumus salam. Baban Ilham, ƙauna ce ke magana a bakinka. Ya hau da su ko bai hau ba? Bai hau ba. A Derby ma haka aka yi a 2019, ya je Wembley wasan ƙarshe na neman gurbi, Aston Villa ta doke shi 2-1. Wasan ƙarshe na Kofin FA a 2020, mu Arsenal muka karɓe a hannun Chelsea ɗinsa, Aubameyang ya zura biyu. Kullum sai an zo bakin gaɓa kwale-kwalen ke kifewa. Shekara bakwai da fara aikin nan zuwa 2025, ko kofi ɗaya babu.

Autan Mama: Ina bayan Yaya Ɗan Gwammaja. Kuma a daina kambama abin Derby. Kafin ya zo, Gary Rowett ya gama da su a matsayi na 6. Da Lampard ya zo, a na 6 ɗin dai suka gama, alhali an ba shi aron Mason Mount da Fikayo Tomori daga Chelsea, da Harry Wilson daga Liverpool. Wane koci ne a rukunin nan zai samu irin wannan alfarma in ba sunansa Lampard ba?

Baban Ilham: Ƙanena, aron yara ba ya buga ƙwallo da kansa. Yaran Chelsea nawa ake turawa aro duk shekara su dawo ba wanda ya san sun je? Da wannan Derby ɗin ya je Old Trafford a Satumba 2018 ya fitar da United ɗinku daga ƙaramin kofi, wato Kofin Lig, da bugun fenareti, Mourinho, ubangidansa, yana tsaye yana kallo. Da ita ya je Elland Road, gidan Leeds, a wasan neman gurbi da bashin ci ɗaya, Leeds ta ƙara masa wani, ya juya wasan ya ci 4-2. Kuma Leeds ta Marcelo Bielsa ce fa, wanda a kakar nan ya tura mutum leƙen asirin atisayen Derby har aka ci ƙungiyarsa tarar fam 200,000.

Baba Tela: Yara, ku ɗan saurara. Ni tun muna jin sakamakon wasa a rediyo ranar Asabar nake bin ƙwallon Ingila, don haka maganar "sunansa ne" ba sabuwa ba ce a kunnena. Da ita aka tarbi yaron nan tun ranar farko. Mahaifinsa, shi ma Frank Lampard, tsohon ɗan bayan West Ham ne, kuma lokacin da yaron ke tasowa shi ne mataimakin koci. Kocin kuwa Harry Redknapp ne, mijin 'yar'uwar mahaifiyarsa. To ka ga uba a gefe, mijin inna a gefe. A 1996 an yi wani zama da magoya baya, wani mutum ya miƙe a gaban jama'a, yaron yana zaune yana ji, ya ce bai cancanci a riƙa sa shi ba. Redknapp ya tsaya kai da fata cewa yaron nan zai kai ƙololuwa. Hoton bidiyon yana nan har gobe, ku duba fuskarsa, bai cika shekara ashirin ba.

Me ya biyo baya? Chelsea ta saye shi fam miliyan 11 a 2001, wasu suka ce an yi asarar kuɗi. Ya buga mata wasa 648, ya ci ƙwallo 211, yana ɗan tsakiya, har ya wuce Bobby Tambling mai 202. Ya taɓa buga wasan Firimiya 164 a jere. Ba shi da gudun Henry, ba shi da ƙafar Ronaldinho, amma a 2005 Ronaldinho kaɗai ya sha gabansa a zaɓen gwarzon duniya. Abokan wasansa da yawa sun shaida cewa in an tashi daga atisaye shi yake tsayawa yana ta bugun raga shi kaɗai. Mutumin da ya gina kansa da naci haka, ni ba na saurin yanke masa hukunci.

Ɗan Gwammaja: Allah ya ƙara girma Baba. Ba wanda ke ja da ɗan wasa Lampard, ni kaina ya sha ɓata min dare. Koci Lampard muke tuhuma.

Kocin Unguwa: Bari in sa baki, don wannan gaɓar ta shafi abin da nake fama da shi kullum da yamma a fili. Ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara sha biyar. Shekarun baya wani tsohon ɗan wasa, wanda duk yankinmu ba a yi mai ƙafarsa ba, ya zo ya ce zai taimaka min. Na yi murna ƙwarai. Ranar farko ya ajiye ƙwallo a wajen yadi na 18, ya lanƙwasa ta ta shige kusurwa, ya juyo ya ce wa yaran, "To ku yi haka." Yaro na farko ya buga ta tafi gonar mutane. Na biyu haka. Sai ransa ya ɓaci, ya sake bugawa, ya sake cewa su yi haka. Wani ƙaramin yaro ya tambaye shi, "Yallaɓai, ina zan ajiye ɗaya ƙafar?" Wallahi ya tsaya shiru, ya kalli ƙafafunsa. Shekara ashirin yana bugun nan, bai taɓa sanin inda yake dasa ƙafar hagunsa ba, jikinsa ne ya sani. Sati uku ya yi ya daina zuwa.

Wannan shi ne ciwon manyan 'yan wasa. Amma a nan ne nake ganin Lampard ya bambanta da sauran, kuma maganar Baba ta taɓo wurin. Shi abin nasa koyo ya yi, mataki-mataki, don haka ya san yadda ake faɗa wa yaro. Ku dubi Mount: yadda yake makara kaɗan kafin ya kutsa cikin yadi na 18, ya iso daidai lokacin da 'yan baya suka bi ɗan gaba. Wannan karatun Lampard ne zalla. Jack Rudoni ma a Coventry ya fara yin irinsa.

Inda yake da rauni shi ne tsara ƙungiya gaba ɗaya idan ƙwallo ta kuɓuce. Tsakiyarsa takan buɗe kamar ƙofar gari. A kakarsa ta farko a Chelsea an zura musu 54 a Firimiya, ƙungiyar da ta gama ta 4. Koyar da mutum ɗaya daban, saƙa mutum sha ɗaya su zama tabarma ɗaya daban. Na biyun ba a samun sa sai an daɗe ana yi.

Baban Ilham: Koci, Allah ya saka. Amma a tuna halin da ya tarar a 2019. An hana Chelsea sayen 'yan wasa, Eden Hazard ya tafi Real Madrid. Wasan farko United ta yi mana 4-0, a gidan kallona sai da na kashe sauti saboda ihu. A haka ya ɗauko Mount, Tammy Abraham, Reece James da Tomori ya ce ku ne za ku buga. Abraham ya ci 15 a Firimiya. Shekara nawa makarantar matasan Chelsea tana lashe kofuna, amma tun bayan John Terry ba yaron da ya kafu sosai a babbar ƙungiya? Shi ya buɗe ƙofar nan.

Autan Mama: Takunkumi ne ya buɗe ƙofar, Yaya. Da aka ɗage fa? An kashe sama da fam miliyan 200 a 2020: Havertz, Werner, Ziyech, Chilwell, Mendy, ga Thiago Silva kyauta. Ranar 25 ga Janairu 2021 aka sallame shi suna na 9. Tomorin da kuke yabo a kansa, a benci ya ƙare har ya tafi AC Milan, ya ɗauki kofin gasar Serie A a 2022. Rudiger ma ya sha zaman benci. Thomas Tuchel ya zo, 'yan wasan nan dai, wata huɗu ya ɗauki Kofin Zakarun Turai. Wannan kaɗai ya isa hujja.

Baban Ilham: Wa ya fitar da su daga rukuni suna na ɗaya, har da ci 4-0 a gidan Sevilla? Wa ya ba Havertz ƙwallon da ya ci City a wasan ƙarshe a Porto? Mount ne.

Autan Mama: To me ya hana shi kansa ya yi amfani da su haka?

Kocin Unguwa: Auta ya yi gaskiya a nan, kada mu ƙi ta. Tuchel ya mayar da su 'yan baya uku, ya toshe tsakiyar nan da na faɗa, cikin sati biyu ƙungiya ta canza kama. Amma ku tambayi inda Tuchel ya fito: matasan Stuttgart, matasan Mainz, sannan Mainz, Dortmund, PSG. Kusan shekara ashirin yana abu ɗaya. Shi kuwa Lampard ya ajiye takalmi a Fabrairu 2017, ya zauna sharhi a talabijin, Mayu 2018 ga shi kocin Derby, Yuli 2019 ga shi a Stamford Bridge. Kaka ɗaya tak tsakaninsa da kujerar da ta cinye Scolari da Ancelotti. Guardiola da ƙaramar ƙungiyar Barcelona ya fara. Zidane ya yi wa Ancelotti mataimaki, ya riƙe Castilla, ƙaramar ƙungiyar Real Madrid. Xabi Alonso ya yi shekara uku da ƙaramar Real Sociedad kafin Leverkusen. Arteta naku, Ɗan Gwammaja, shekara uku da rabi yana zaune gefen Guardiola.

Ɗan Gwammaja: To wa ya tilasta masa karɓa? Da ya ce bai shirya ba.

Baba Tela: Ɗana, gidanku ya kira ka, ka ce ba ka zuwa? Da wuya.

Maman Sadik: Sannunku da muhawara. Na ga kowa ya tsallake Everton, ni kuwa nan ne abin ya fi taɓa ni. Ɗana ne ya jawo ni kallon Everton saboda Alex Iwobi, kuma kafin zuwan Lampard a ƙarshen Janairu 2022 tausayin yaron nan nake ji. Yau a gefen dama, gobe a baya, jibi a benci, magoya baya suna ta zagi a kan kuɗin da aka biya Arsenal. Ba na manta daren Newcastle a watan Maris. Wani mai zanga-zanga ya shiga fili ya ɗaure wuyansa a jikin turken raga, aka daɗe ana yanke igiyar, sannan aka ba Allan jan kati, suka koma mutum goma. A minti na 99 Iwobi ya ba Calvert-Lewin, ya mayar masa, ya zura ta. Sadik ya yi tsalle ya ture flas ɗin shayi, har maƙociyata ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko lafiya. Lampard kansa ya ce ya karya ƙashi a hannu wajen murna.

Daga nan ya mayar da Iwobi tsakiya, ya ba shi yarda, yaro ya zama wani mutum daban. Mu a Super Eagles mun ci ribar haka. Kuma ya tsira da su: Crystal Palace ta yi musu 2-0 kafin hutu a Goodison, suka dawo suka ci 3-2, jama'a suka cika fili.

Autan Mama: Hajiya, da girmamawa, bayan wata takwas fa? An kore shi a Janairu 2023 suna na 19.

Maman Sadik: Na sani ƙanena, ban ce ya yi abin kirki a kaka ta biyu ba. Amma an sayar da Richarlison ga Tottenham, Calvert-Lewin kullum yana jinya, wa zai ci ƙwallo? Ancelotti ya bar gidan nan, Benitez ya kasa, daga baya har maki aka cire musu kan harkar kuɗi. Gidan da ke yoyo ta ko'ina, ba a ɗora wa mai shara laifin ruwa.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum daga Zinder. Ina karantawa tun ɗazu. Akwai abin da masoyan Lampard ba su so a taɓa: komawarsa Chelsea riƙon ƙwarya a Afrilu 2023. Wasa 11, ya ci 1, a gidan Bournemouth, ya sha kashi a 8. Real Madrid ta yi masa 2-0 gida da waje. Suka gama na 12. Baban Ilham, me za ka ce?

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Ba ni da kariya, watanni biyun nan sun yi muni, kuma da ni mai ba shi shawara ne da na riƙe masa riga. Sababbin masu ƙungiya sun tara 'yan wasa fiye da talatin, an kori Tuchel, an kori Graham Potter, kowa ya san kocin na wucin gadi ne, wa zai mutu a fili saboda shi? Ya je ne don kara. Amma shi ne ya fi kowa asara, don daga nan aka mayar da sunansa abin dariya, ya yi kusan shekara ɗaya da rabi ba aiki.

Abin da ya sa nake girmama shi shi ne abin da ya yi bayan nan. Mutum mai Firimiya uku, Kofin FA huɗu, wanda ya ɗaura kambun kyaftin a Munich a 2012 ranar da shi da Mikel Obi suka tsare tsakiya a gaban Bayern, mai wasa 106 wa Ingila. Yana iya zama a ɗakin sharhi cikin kwat har ya tsufa. Sai ya tafi Coventry, ƙungiyar da a lokacin rabonta da Firimiya tun 2001, kuma ya gaji Mark Robins, mutumin da ya ɗauko su daga rukuni na huɗu, wanda magoya baya suka yi fushi da korarsa. Ba tarbar ɗan lele aka yi masa ba.

Ɗan Damagaram: Wannan na yarda. Amma ina ganin matsalar ta fi Lampard girma, ta Ingila ce gaba ɗaya. Tun da aka fara Firimiya a 1992 ba kocin Ingila ko ɗaya da ya ɗauke ta. Na ƙarshe da ya ci babbar gasarsu shi ne Howard Wilkinson da Leeds, a 1992 ɗin. Duk sa'o'in Lampard ku duba: Gary Neville a Valencia, Barcelona ta yi masa 7-0. Rooney ya karɓi Birmingham tana ta 6, wasa 15 ya bar ta tana ta 20. Gerrard ne ya ɗan taɓuka, ya ci gasar Skotland da Rangers a 2021 ba a doke shi ba, da Joe Aribo da Leon Balogun, amma Aston Villa ta kore shi, Unai Emery ya zo ya kai su Gasar Zakarun Turai.

Baba Tela: Kuma ka ga wanda ya yi fice a cikinsu yanzu, Eddie Howe, rauni ne ya raba shi da wasa da wuri, ya fara da Bournemouth a can ƙasa. Da ya ci ƙaramin kofi da Newcastle a Maris 2025, a kan Liverpool ɗina, shi ne koci ɗan Ingila na farko da ya ɗauki babban kofi a ƙasar tun 2008. Wa ya ɗauka a 2008? Redknapp ɗin nan dai, da Portsmouth, kuma Kanu ne ya ci masa ƙwallon.

Ɗan Gwammaja: To ai kun dawo kan maganata. Mourinho tafinta ne ga Bobby Robson, Wenger ba wanda ya san shi a fili. Horarwa sana'a ce mai zaman kanta. Abin da ke ci min rai shi ne, akwai masu horarwa da suka yi shekara goma sha biyar a ƙananan rukunoni, ba za a taɓa kiran su ko hira ba. Shi kuwa Derby, Chelsea, Everton, Chelsea kuma, Coventry. Sau biyar. Wa ake ba dama sau biyar?

Kocin Unguwa: Wannan ƙorafin naka ina jin sa a jikina, don mu ma a nan haka ake yi mana: tsohon tauraro ya zo, a ture wanda ya raini yaran. Ba zan musa ba, suna ya buɗe masa ƙofofi. Sai dai Stephen Keshi, Allah ya ji ƙan rai, shi ma tauraro ne, ya ɗauki kofin Afirka yana kyaftin a 1994, ya ɗauka yana koci a 2013. Amma sai da ya bi ta Togo da Mali tukuna. Coventry ita ce Togon Lampard. Abin da zan duba kaka mai zuwa guda biyu ne: zai zauna ko zai gudu da zarar wata babba ta yafito shi, sannan ƙwallo nawa za a zura masa. Wasan farko da Sunderland ma kuskuren ɗan bayansa ne ya ba Mayenda ƙwallo ta biyu, jiya kuma kwana. In ya gyara bayan nan, zan kira shi koci da babbar murya.

Ɗan Gwammaja: Ni sai ya hau da su. Kafin nan ban canza ra'ayi ba.

Maman Sadik: Baban Ilham, in za ka riƙa nuna wasanninsu, Sadik zai zo. Ya ce yana son ganin Rudonin nan da Koci ya ambata.

Baban Ilham: Ya zo Hajiya, ba zan karɓi kuɗinsa ba. Daga Agusta ƙaramar talabijin ta kusurwa ta Coventry ce duk ranar da aka haska su. Ɗan Gwammaja, kai ma akwai benci a wajen, kusa da fanka.

Ɗan Gwammaja: In Arsenal ba ta wasa a lokacin, zan leƙo.